Gani Ya Kori Ji: Tallar Kaya da Hoto da Bidiyo

Jama'a, darasinmu na yau a kan kasuwa yake. Kowa ya san yadda ake ciniki a kasuwar garinsu. Mai kaya ya kasa kayansa. Mai saye ya zo ya tsaya, ya duba, ya ɗaga, ya juya, sa'an nan ya taya. In an daidaita a ce Allah ya sa albarka, kowa ya kama gabansa. Haka muka tarar iyayenmu suna yi.

To, amma mai sayen kayanmu ba kullum yake kusa ba. Ku dubi albasa. Ana noma ta a fadamun Tarka, wajen Madawa da Sabon Gida da Tumfafi. Ana noma ta a Karofan cikin gundumar Buza, da Tamaske cikin gundumar Keita. Ba mu ke cinye ta duka ba. Manyan motoci ke kwasar ta zuwa Abijan, da Lome, da Kwatano, da Kumasi, da Akara babban birnin ƙasar Gana. Tabarmin kaba da matan Madawa ke saƙawa su ma sun yi suna har Yamai da gaba.

Mutumin da ke Abijan ba zai iya taɓa albasarka ba. Hausawa kuwa sun ce ba a cinikin biri a sama. Yaya za a yi ya ga kayanka? Yaya ma za a yi ya san kana duniya? Amsar tana cikin aljihun mutane da yawa: babbar salula, mai kamara, wadda ake shafawa da yatsa.

Abin da salula ta riga ta yi

A shekarar 2001 salula ta fara bazuwa a ƙasar Nijar. Kafin nan, in ɗan kasuwa yana so ya san kuɗin hatsi a wata kasuwa, sai ya biya mota ya tafi da kansa, ko ya jira matafiyi. Wata malamar jami'a daga Amurka, mai suna Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda salula ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili shi ne labari ya riga mota isa.

Daga baya, a shekarun 2009 da 2010, aka yi wani gwaji a azuzuwan yaƙi da jahilci na jihohin Doso da Damagaram. Wasu azuzuwa aka koya musu karatu da lissafi kawai. Wasu kuma aka haɗa musu da koyon rubuta saƙo a salula. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi salula sun fi samun sakamako mai kyau. Ke nan allo da salula ba kishiyoyi ba ne, abokan tafiya ne.

Wancan lokaci murya da gajeren saƙo kaɗai salula ke kaiwa. Yau tana kai hoto, tana kai bidiyo, wato hoto mai motsi. Ji ya zama gani.

Wani gida a lokacin cirar albasa

Bari mu yi misali da wani gida. Ba sai mun faɗi suna ba, domin irinsa yana kowane gari.

Watan Afrilu ne, an cire albasa, an yanke lawashi, an tara ta a inuwa. Maigida yana da bashin iri da na man injin ban ruwa. Kasuwa ta cika da albasa, farashi ya faɗi, kamar yadda yakan faɗi kowace shekara a wannan lokaci. Ɗansa ya dawo daga cin rani da babbar salula. Ya tsaya kan tarin albasa yana ɗaukar hoto.

Uban ya ce, "Kai yaro, mi kake yi nan?"

Ya ce, "Baba, albasarmu nike ɗauka hoto. Za ni sa ta a intanet, mutanen Abijan su gani."

Ya sa hoton. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar, babu wanda ya kira. Abokansa ne kawai suka yaba.

Uban yana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ya ce, "Miƙo in gani." Ya duba, ya juya salular, ya sake dubawa. Ya ce, "To, ina sunan garinmu? Ina lambarka? Buhu nawa munka ce muna da shi? Wanga hoto ai kurma ne. In ni ne baƙo, ta ina zan san albasar wane ce?"

Yaron ya yi shiru. Uban ya ɗauko littafinsa na aji, ya rubuta layi huɗu a hankali, ya ce, "Kwafe wannan ƙarƙashin hoton. Kuma ka aika ma kawunka da ke Abijan, ka ce ya tura ma ƴan albasar da ya sani."

Ba mu ce washegari motoci suka cika ƙofar gidan ba. A'a. Amma kafin mako ya ƙare mutum biyu sun kira sun tambayi farashi. Da dillalin gari ya zo taya albasar, maigida ya riga ya san abin da ake faɗi a waje. Ya yi ciniki idonsa a buɗe.

Abin lura a nan shi ne, yaron ya iya hoto, uban ya iya rubutu. Sai da aka haɗa biyun aiki ya yi.

Yadda ake biɗar kaya a intanet

Intanet kamar babbar kasuwa ce wadda ba ta da iyaka. Wanda ya shiga irin wannan kasuwa dole ya yi tambaya. Akwai wuraren tambaya. Mafi shahara shi ne Google, wanda aka kafa a Amurka a 1998. Wasu suna kiran sa matambayi ba ya ɓata. Facebook da YouTube da TikTok da WhatsApp su ma kowane yana da gurbin da ake rubuta abin da ake biɗa.

Mai saye yakan rubuta kalmomi biyu ko uku, misali "albasa Madawa". Sai na'ura ta shiga duba abubuwan da mutane suka sa, ta fito masa da waɗanda ke ɗauke da waɗannan kalmomi. Gaskiya ne na'urorin yanzu sukan iya duban hoto su gane albasa ce ko tabarma. Amma ba za su san a wane gari take ba, ko ta wane ce, ko ta sayarwa ce, ko yaushe aka cire ta. Wannan sai an rubuta.

Saboda haka mu riƙe wannan ƙa'ida: rubutu shi ke kawo mai saye, hoto shi ke tsai da shi.

Haka abin yake ga saƙon murya. Da yawa daga cikinmu mun saba da danna salula mu yi magana, domin ya fi sauƙi. Yana da kyau ga gaisuwa da tattauna farashi. Amma a rukunin da ke da mutum 200, saƙon muryarka na safe kafin yamma ya nutse. In ɗan kasuwa ya rubuta "albasa" a gurbin biɗa, rubutattun saƙonni ne za su fito masa, ba muryoyi ba.

Ina ake sa hoto?

Wuri na 1, WhatsApp. Akwai gurbin da ake sa hoto ya yini ya kwana, bayan awa 24 ya ɓace. Waɗanda kuke riƙe da lambar juna kaɗai ke ganin sa. Akwai kuma rukunoni na manoma da na ƴan kasuwa. RECA, wato haɗin gwiwar majalisun manoma na ƙasa mai cibiya a Yamai, ta buɗe irin waɗannan rukunoni, inda manomi kan aika hoton ganyen da tsutsa ta ci a ba shi shawara. Tun 2018 akwai WhatsApp Business, wanda aka yi domin masu sana'a. A cikinsa kana iya rubuta sunan sana'arka da garinka, ka jera hotunan kaya kowane da kuɗinsa. Sai dai ka sani, abin da ka sa a hirarka ta WhatsApp, Google ba ya ganin sa.

Wuri na 2, Facebook. In ka buɗe shafi da sunan sana'arka, ka bar shi a buɗe ga kowa, wanda bai taɓa sanin ka ba yana iya samun ka.

Wuri na 3, YouTube da TikTok. Waɗannan gidajen bidiyo ne. Sunan da ka raɗa wa bidiyo, da kalmomin da ka rubuta ƙarƙashinsa, su ke taimaka wa mai biɗa.

Wuri na 4, taswirar Google, wadda ake kira Google Maps. Wannan ya fi dacewa da mai wurin zama guda: tela, makaniki, mai sayar da iri da taki, mai abinci a bakin babbar hanyar da ta ratsa Madawa daga Ƙonni zuwa Maraɗi. Direban da tayarsa ta fashe yakan duba taswira ya ga wa ke kusa. Sa sunan shago a taswirar kyauta ne. Google yakan nemi shaida cewa shagon naka ne, wani lokaci ta hanyar bidiyo mai nuna ƙofa da allon suna. Don haka ka fara rubuta allo ka kafa a ƙofar shago.

Ba dole ka shiga duka huɗun ba. Ɗauki ɗaya ko biyu ka riƙe da kyau. Amma suna ɗaya za ka yi amfani da shi ko'ina, da lamba ɗaya. Wanda yake sauya suna kullum, mai biɗar sa yakan gaji.

Kasuwar ƙasa takan tashi. A 2021 hukuma ta tashi ƴan albasa daga kasuwar Agbogbloshie da ke cikin Akara, ta mai da su Adjen Kotoku a bayan gari. Rumfa ta sauya wuri, amma wanda abokan cinikinsa ke riƙe da lambarsa bai ɓace musu ba.

Yadda ake ɗaukar hoto mai kyau

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hoto mai duhu ko mai hazo yana rage wa kaya daraja. Ga abubuwa 7 da za a kiyaye.

1. Goge idon kamara da tsumma mai laushi. Ƙurar hunturu da maiƙon hannu su ne ke sa hoto ya yi hazo.

2. Ɗauki hoto da hantsi ko da la'asar. Ranar tsaka tana ƙone launi. In dole ne da rana, shiga inuwa mai haske.

3. Ba rana baya. Haske ya faɗa kan kaya, kada ya shiga idon kamara.

4. Share wurin. Kau da takalma da leda da kwanukan wanki. Shimfiɗa buhu mai tsabta ko farin zane.

5. Riƙe salula da hannu biyu, ka matsa kusa da ƙafarka. Kada ka jawo hoton da yatsa daga nesa, yana sa shi ya dushe.

6. Sa wani abu da kowa ya san girmansa kusa da kayan, kamar kwalin ashana ko tafin hannu. Da haka mai saye zai san girman albasa. In tabarma ce, a auna tsawo da faɗi da mita a rubuta.

7. Ɗauki hoto 3 na kowane kaya: ɗaya daga nesa mai nuna yawa, ɗaya daga kusa mai nuna kyau, ɗaya mai nuna ciki ko baya.

Ka tambayi kanka, in mai saye yana nan tsaye, ina zai duba? Ɗan albasa yana duban girma, da launi, da ɓawo, da ko wuyanta ya bushe. To, yanka ɗaya biyu ka nuna cikinta. Mai sayen tabarma yana duban ƙarfin saƙa, da rini, da bakin da aka kashe. To, juya ta ki nuna bayanta. Mai kai ɗinki yana duban layin zare da wuyan riga. To, nuna masa su.

Yadda ake ɗaukar bidiyo

Bidiyo ya fi hoto cin kuɗin intanet, ga mai aikawa da mai kallo. Kuma rezo ba kullum yake da ƙarfi a ƙauye ba. Saboda haka a taƙaita. Rabin minti ya isa, kada ya wuce minti ɗaya.

Kafin ka danna, shirya abin da za ka faɗa. Yi sallama. Faɗi sunan sana'arka, da garinku, da kwanan wata. Faɗi abin da kake da shi da yawansa. Juya salula sannu a hankali, kada ka yi ta lilo da ita. Ka guji wurin da injin ban ruwa ko injin niƙa ke ƙara, da wurin da iska ke kaɗawa.

Akwai abin da bidiyo ke yi wanda hoto ba zai iya ba. Kwance buhu guda, ka zazzage shi ƙasa tun daga baki har gindi, ba tare da ka tsai da ɗauka ba. Wanda ya ga haka ya san abin da ke sama shi ne a ƙasa. In albasar ajiya ce, buɗe rudu ka nuna yadda take ciki. Mai saƙa kuma tana iya nuna hannuwanta suna aiki, ba sai fuskarta ta fito ba.

Rubutun ƙarƙashin hoto

Nan ne karatunmu zai yi mana rana. Rubutun ya amsa tambayoyi 5: Mene ne? A ina yake? Nawa ne yawansa? Yaushe? Wa za a kira?

Ga misali:

Albasa irin Galmi, sabuwar cira.
Madawa (Madaoua), jihar Tawa (Tahoua), Nijar.
Buhu 40. An ɗauki hoto ran 10 ga Afrilu.
A kira: +227 sai lambarka.

Mu lura da abubuwa huɗu.

Na farko, sunan gari. Mu muna rubuta Madawa, Buza, Tawa. A taswira da takardun hukuma kuwa Madaoua, Bouza, Tahoua aka rubuta, da rubutun Faransanci. Baƙo da wannan zai biɗa. Don haka a sa duka biyun. Mutanen Keita su ƙara kula: wanda ya rubuta Keita kaɗai a Google, mawaƙin Mali Salif Keita da ƴan ƙwallo masu wannan suna za su fito masa. Sai a rubuta Keita, Tahoua, Niger.

Na biyu, sunan kaya. Galmi gari ne a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, kuma irin albasarsa ya yi suna a duk Afirka ta Yamma. Da Faransanci ana ce mata Violet de Galmi, albasa kuma oignon. In wannan irin ka shuka, rubuta haka, da Hausa da Faransanci. In ba shi ba ne, kada ka ara masa suna.

Na uku, lamba. Lambobin Nijar guda 8 ne. Wanda ke waje sai ya fara da +227 kafin ya same ka. Rubuta masa ita cikakkiya.

Na huɗu, kuɗi. Mu muna lissafi da dala da jika. Dala tamma 5 ce, dala 200 kuma jika guda, wato 1 000 F. Baƙo bai san wannan ba. In kana nufin jika 15, rubuta 15 000 F CFA. Mutanen Abijan da Lome da Kwatano sefa suke kashewa kamar mu. Na Gana sidi ne kuɗinsu, na Nijeriya naira. Farashin albasa kuwa yana motsi, yakan faɗi lokacin cira ya tashi bayan damina. Don haka kada ka rubuta kuɗi ba kwanan wata. In kaya sun ƙare, koma ka rubuta "an sayar".

Hoto amana ne

Akwai masu ɗauko hoton gonar wani su ce tasu ce. Akwai masu jera manyan albasa a bakin buhu, ƙanana da ruɓaɓɓu a gindi. Akwai masu ƙara wa hoto launi har tabarma ta fi yadda take. Wannan ha'inci ne, ko a rumfa ko a salula.

Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai saye ma yana da kamara. Ranar da mota ta isa, ya zazzage buhu ya ga ba haka ba, zai ɗauki hoto ya sa a rukunin ƴan kasuwa da sunanka da na garinku. Abin da ya shiga intanet yana da wuyar gogewa. Ka ci riba sau ɗaya, ka ɓata sunanka, ka shafa wa maƙwabtanka. Kada a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

In akwai aibi, faɗe shi. Ka ce, "Buhu 30 manya ne, 10 ƙanana." Wanda ya saya ya tarar kamar yadda ka faɗa, baɗi shi zai fara kiran ka. In ya ji daɗi, roƙe shi ya rubuta kalma biyu ta shaida a shafinka. Shaidar mai saye ta fi yabon mai kaya.

Hattara

Kasuwar da ta tara mutanen kirki ta tara ɓarayi. A kiyaye waɗannan:

Kada ka ɗora kaya a mota don an aiko maka saƙo ko hoton takarda cewa an turo kuɗi. Ana ƙirƙirar irin waɗannan. Tafi wurin masu aika kuɗi, kamar Nita ko Amana, ka karɓa a hannunka tukuna. Da sabon abokin ciniki a fara da kaɗan, kuma a biɗi wani sananne a can wanda zai tsaya masa. Dillali na gari mai amana har yanzu yana da ranarsa.

Kada ka ba kowa lambar sirrinka. In WhatsApp ya aiko maka lambobi 6, naka ne kai kaɗai. Wanda ya kira ya ce ka karanto masa su, so yake ya ƙwace maka shafi ya yi zamba da sunanka.

Kada ka nuna damin kuɗi, ko cikin gidanka, ko yawan dabbobinka. Ba kowane mai kallo ne masoyi ba, balle a garuruwan bakin iyaka inda aka sha fama da ƴan fashi. Nuna kaya, ka ɓoye dukiya.

Kada ka ɗauki hoton mutum sai da izininsa, musamman mata da yara. Kada ka ɗauki hoton sojoji ko wuraren tsaro.

In ba ka da babbar salula

Ba kowa ke da ita ba, kuma ba a ce a ci bashi a saya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar manoma, ko matan da ke adashi tare, suna iya amfani da salula guda. A buɗe shafi da sunan ƙungiya. A zaɓi mutum biyu amintattu, ɗaya mai hoto, ɗaya mai rubutu. A riƙe littafi: wa ya kawo kaya, wa ya kira, nawa aka sayar, nawa aka kashe wajen caji da intanet. A karanta littafin gaban kowa ranar taro.

Kuma a yi haƙuri. Hoto ɗaya ba ya kafa kasuwa. A riƙa sa sabo kowane mako: ranar dashe, ranar ban ruwa, ranar cira, ranar ɗinke buhu. Wanda ya ga garkarka tun tana kore, ranar cira ba baƙo ba ne. In an yi tambaya a amsa da wuri, cikin ladabi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sababbin kalmomi

Intanet: hanyar da ta haɗa saluloli da kwamfutoci na duniya.
Bidiyo: hoto mai motsi da murya.
Rezo: ƙarfin layin da salula ke kamawa.
Shafi: gurbin mutum ko na sana'a a intanet.
Taswira: zanen da ke nuna garuruwa da hanyoyi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba wanda ya kira yaron a kwanakin farko?
2. Waɗanne tambayoyi 5 ne rubutun ƙarƙashin hoto zai amsa?
3. Don me ake rubuta sunan gari iri biyu?
4. Wane lokaci ya fi kyau a ɗauki hoto?
5. Me za ka yi in wani ya ce ka karanto masa lambobi 6 da aka aiko maka?

Aiki

1. Kowa ya rubuta layi 4 a kan abin da yake sayarwa, kamar misalin da ke sama. Ku yi musanyar littafi, kowa ya duba ko na ɗan'uwansa ya cika.
2. Rubuta waɗannan da tamma: jika 3, jika 12 da rabi, dala 500.
3. Manomi yana da buhu 40. An taya kowane buhu jika 14, wani kuma ya taya jika 16. Nawa ne bambancin kuɗin gaba ɗaya?
4. Gobe kowa ya zo da abu guda na sana'arsa. Za mu fita waje da hantsi, mu ɗauki hotonsa sau 3, mu zaɓi wanda ya fi faɗin gaskiyar kayan.